Kwalaben Katangar Gabas

"Kwalba na ce ka dasa mani, Kamilu. Wadda ke yanka hannun ɓarawo."

"An dasa, Alhaji."

"An dasa mi? Jiya mage na gani kwance a kai tana barci."

Kamilu ne ya goge bakin kwalaben, ɗaya bayan ɗaya, a kan dutsen wasa wuƙa, har kaifinsu ya mutu.

Aikinsa yankan gilashin taga ne a wani shago kusa da kasuwar Kankia, kullum daga Kusada yake zuwa a mashin. Da Alhaji Ummaru dillalin gyaɗa ya gama sabon gida, sai ya ba shi aikin jera fasassun kwalabe a saman katanga, kamar yadda kowa ke yi. Aikin yini biyu. Kamilu ya yi wata biyu. Ya bi juji yana tsinto koren kwalaben lemo, da jajayen na maganin tari, da shuɗɗan na turare masu wuyar samu. Ya yanka, ya goge, ya kafa kowace da irin karkatar da ya auna, don in rana ta fito ta ratsa katangar gabas, launukan su zuba a tsakar gida kamar an shimfiɗa darduma.

Ranar Laraba da la'asar ya gama. Kafin magariba iyalin Alhaji sun tare. An rubuta BA SHIGA a zaure. Kamilu bai taɓa ganin abin ba.

"Tun da hantsi gidana ya cika da mata," in ji Alhaji. "Har daga Kunduru. Su zauna su zura wa ƙasa ido. Matata Tani ta daina ɗora abin kari sai launin ya wuce. Na yi katanga don korar mutane, ka mayar mani da ita abin kira."

"Kai ka gani, Alhaji?"

"Ina da aikin yi. Daga asuba kasuwa nike wucewa."

Aka kai magana gaban dattawan da ke zama gindin darbejiya a ƙofar gidan. Su biyar ne. Babu wanda ya taɓa wuce zaure a cikinsu. Malam Shehu, babbansu, ya ce ya ji labari haske ne mai kama da ɗawisu. Wani ya ce matarsa ta ce tafki ne. Na uku ya ce ko ma mene ne, ba a san shi ba a zamanin iyaye. Suka ɗaga kai suka kalli kwalaben daga waje, inda ba a ganin komai sai kwalabe. Suka yanke hukunci: aikin bai yi ba, a farfashe.

"Ku bar ni in gani sau ɗaya," in ji Kamilu. "Minti biyar. A rufe matan a ɗaki."

"Ɗana, gidan aure ne," in ji Malam Shehu cikin tausasawa. "Ka tambayi ƙanwarka, ai tana zuwa."

Ya riga ya tambaye ta. Abin da Sumayya ta ce kawai shi ne, "Yaya, da kyau." Ya ce shuɗin fa, yana kaiwa bakin rijiya? Ta ce ba ta lura ba.

Washegari da hantsi magini ya jingina tsani daga waje. Alhaji ya fasa zuwa kasuwa don ya tsaya a kan aikin, ya tsaya a titi tare da dattawa. Ya gargaɗi maginin kada ya kuskura ya leƙa ciki. Mutumin ya hau, ya juya fuska wajen titi, ya riƙa lalubo kwalba da hannun hagu yana buga guduma da na dama. Hannunsa ko ƙwarzane bai yi ba.

Rana ta kai daidai inda Kamilu ya auna. Yana tsaye a titi, ya sani ba tare da ya duba agogo ba. Hirar matan da ke bayan katanga ta ɗauke.

Kore ya fara zubowa, sannan ja. Wani ɓallin shuɗi ya faɗo kusa da takalmin Kamilu. Bai ɗauka ba.

Sai muryar Hajiya Tani ta fito daga ciki, ba da ƙarfi ba.

"Alhaji, ku da ke nan waje, cikinku wa ya ga abin da ake fasawa?"