Keken Da Ba Awonsa Ba

Shekara goma sha ɗaya Kamaluddeen ya yi babu mai shiga gabansa a tseren keke a duk yankin Birnin Kudu da Gwaram. Malami ne a Islamiyyar mahaifinsa, gajere mai ƙirar ƙarfi, kuma mutanen unguwa sun daɗe da daina yi masa dariyar matsattsen wando da hular kwano. Kullum bayan sallar asuba yakan hau tsohon kekensa na alminiyam ya kama hanyar Gwaram, ya dawo kafin ɗalibai su taru.

A kan wannan hanya ya tsinci Fa'izu. Wata safiya ya waiwaya ya ga wani dogon saurayi manne da bayansa a kan keken gida, da buhun dusa ɗaure a kariya. Ya ƙara wuta, saurayin bai rabu da shi ba sai da suka yi tafiya mai nisa. Ɗan Basirka ne, daga gidan makiyaya da suka zauna suka haɗa kiwo da noma. Kamaluddeen ya nemo masa tsohon keken tsere, ya koya masa canjin giya da yadda ake laɓewa a bayan mutum don a kauce wa iska, ya shigar da shi ƙungiyarsu. Shekara huɗu suna fita tare. Fa'izu bai taɓa kiran sunansa kai tsaye ba, sai dai Malam.

Mai ɗaukar nauyin ƙungiyar shi ne Alhaji Abdulnasir, wani ɗan kasuwar riɗi da ke son wasan tun yana saurayi. A farkon damina ya tara su a gidansa ya ce wani kamfani a Turai zai fitar da sabon samfurin keken tsere nan da wata uku, kuma ya sa abokin cinikinsa na can ya kama masa guda ɗaya. Yana so yankinsu ya fita kunya a babbar gasar ƙarshen shekara. Bai faɗi wanda zai hau ba.

Kamaluddeen ya fi Alhajin sanin keken. Kusan shekara guda yana bin labarinsa a waya, tun lokacin da hotunansa na farko suka ɓulla. Jikinsa ba ƙarfe ba ne, wani abu ne da ake kira kabon, mai sauƙin da yatsa biyu za su ɗaga shi. Babu igiyar birki ko ɗaya da ake gani a waje, duk an cusa su ciki. Giyar kuwa da batir take aiki, taɓa ɗan maɓalli kawai za ka yi sarƙa ta koma inda kake so. Matarsa Najiba takan ajiye masa tuwo ya huce yana maimaita bidiyo ɗaya. Bai taɓa tambayar kansa wa za a ba ba. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya ciyo mata kofuna, shi ya fi kowa daɗewa a kan sirdi.

Irin wannan keke sai da awon mai hawa ake sayensa, don haka Koci Haladu, mai horar da su, ya aro tef ɗin tela ya auna tsayin kowa da tsawon ƙafarsa da na hannunsa. Bayan mako biyu, suna hutawa a gindin wata tsamiya a Kiyako, kocin ya miƙo wayarsa cikin murna don Kamaluddeen ya ga takardar odar. Idon Kamaluddeen ya sauka a kan lambar girman keken, hamsin da takwas. Shi hamsin da biyu yake hawa. Mutum ɗaya ne a ƙungiyar ke da wannan tsayin.

Koci Haladu ya ga fuskarsa ta canza, sai ya sassauta murya. Ya ce gwaji uku na baya duk Fa'izu ne ya riga kowa kaiwa saman hawa, kuma shekarunsa ashirin da huɗu ne, yana da sauran gaba.

"Kai ka yi shi, Malam Kamalu," in ji shi. "In ya ci, ai kai ka ci."

Kamaluddeen ya ce haka ne, Allah ya sa alheri. Ya mayar da wayar, ya sha ruwa.

Daga ranar fitar asuba ta zame masa azaba. Da, in Fa'izu ya wuce shi a hawa, yakan yi murmushi ya ce aikinsa ne ke kyau. Yanzu sai ya riƙa kallon dogayen ƙafafun nan suna juya feda ba tare da alamar wahala ba, yana jin wani abu na cin ƙirjinsa. Ya daina gyara masa zama. Ya daina yi masa ishara in akwai rami a gaba. Shi kuwa Fa'izu bai lura ba, ko kuma ya lura ya ɗauka gajiya ce. Kullum da tambayar da zai zo da ita: ya ake cajin batirin giyar, in ruwa ya taɓa fa, taya mara tub ya ake yi mata faci. Duk amsoshin Kamaluddeen ya san su, don shi ya kwashe shekara yana karantawa, kuma kowace amsa da ya bayar ji yake kamar ana yankar naman jikinsa. Wata rana Fa'izu ya ce masa in keken ya iso, Malam ne zai fara hawa ya sa masa albarka. Wannan magana ta fi komai yi masa ciwo.

Akwai wani sirri a tsakaninsu. A gasar bara, kocin wata jiha ya ja Fa'izu gefe ya yi masa tayin komawa wurinsu, da ɗaki da aikin yi. Fa'izu ya ƙi, ya ce ba zai bar mahaifiyarsa da malaminsa ba. Babu wanda ya gaya wa sai Kamaluddeen.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kamaluddeen ya biya gidan Alhaji Abdulnasir gaisuwa. Suka taɓa zancen damina da na riɗi. Da ya tashi tafiya sai ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya tuna wani abu, ya ce akwai maganar da ya ga bai kamata ya ɓoye ba, tunda Alhaji zai saka dukiyarsa. Ya ce mutanen wata jiha suna zawarcin Fa'izu, har sun yi masa alkawarin ɗaki da aiki. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Rabin labarin kawai ya bari a bakinsa. Alhajin ya ja carbinsa, ya gode masa.

Keken ya iso da kaka, ana tsakiyar yankan riɗi. Aka tara 'yan ƙungiya a farfajiyar gidan Alhaji, aka shigo da wani faffaɗan kwali. Fa'izu ne ya durƙusa ya yanke igiyoyin. Keken baƙi ne wuluk, da ɗan zanen ruwan toka a gefe, ya fi yadda yake a hoto kyau. Sai da aka gama haɗa shi Alhaji Abdulnasir ya yi gyaran murya. Ya ce keken na ƙungiya ne, kuma ba zai ɗora a kansa mutumin da ƙafarsa ɗaya ke ciki ɗaya ke waje ba. Ya kama kan keken ya tura shi gaban Kamaluddeen.

Koci Haladu ya buɗe baki zai yi magana, Alhajin ya ɗaga masa hannu. Fa'izu yana durƙushe har yanzu, da guntun igiya a hannunsa. Ya ɗago ya dubi Kamaluddeen sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da tattara takardun kwalin. Washegari bai fito horo ba.

Kamaluddeen ya sauke sirdin har ƙarshe, ya fita shi kaɗai. Keken yana tafiya kamar ana tura shi, giyar na shiga ba ƙara. Amma kan keken ya yi masa nisa, sai ya miƙe hannu ya kwanta kafin ya kama birki. Kafin ya kai Kiyako yatsunsa sun mutu, bayansa ya riƙe. Inda duk ya tsaya mutane sukan taru suna taɓawa, suna cewa Malam ya dace. Yana dawowa gida ya kwanta a tabarma, Najiba ta kawo masa ruwan zafi. Tana gasa masa bayan ta ce ita dai ba ta san keke ba, amma ta san rigar da ba a ɗinka wa mutum ba, kuma tana so ta ji yadda aka yi ta zo jikinsa. Ya gaya mata. Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai matse tsumman ta fita, ta bar shi da ruwan.

Kwana goma ya yi yana juya maganar kafin ya hau babur zuwa Basirka. Inna Hapsatu, mahaifiyar Fa'izu, ta shimfiɗa masa tabarma ta dama masa fura da nono. Ta ce ai Fa'izu ya kwana biyar da tafiya, ya karɓi aikin nan na mutanen waccan jihar. Ta yi ta sa masa albarka, ta ce yaron ya gaya mata Malam ne ya buɗe masa hanya. Kamaluddeen ya shanye furar don kunya, ko ɗanɗanonta bai ji ba.

Daga can gidan Alhaji ya wuce, ya faɗi rabin labarin da ya rage. Alhajin ya kira Fa'izu a waya a gabansa. Fa'izu ya gaishe shi da ladabi, ya ce ya riga ya ba mutanen can kalmarsa. Da aka kashe wayar Alhaji Abdulnasir ya ce aikin gama ya gama, kuma babu wani dogo a ƙungiyar, don haka Kamaluddeen ya hau abinsa ya je gasar tunda shi ya nema.

A ranar gasar ya hango Fa'izu a layin farawa cikin rigar waccan jihar, a kan keken alminiyam irin na kowa. Sun yi rabin tafiya a tare cikin ayari. Da aka zo dogon hawa Fa'izu ya miƙe a kan feda ya fice, bai waiwayo ba. Shi ya zo na biyu. Kamaluddeen ya shigo na ashirin da wani abu, bayansa kamar an sa masa wuta.

Yana zaune a bakin titi Fa'izu ya zo ya rusuna ya gaishe shi, ya tambayi Baba da iyali. Ya dubi keken, ya ce in aka samo gajeren wuya aka canza wa kan, bayan zai yi sauƙi. Kamaluddeen ya fara neman gafararsa, Fa'izu ya katse shi.

"Na yafe tun ranar, Malam," in ji Fa'izu. "Dawowa ce dai ba zan yi ba."

Abokan wasansa suka kira shi, ya tafi. Kamaluddeen ya bi shi da ido, ya ga sabon kocin ya yafa masa tawul a kafaɗa yana nuna shi ga mutane kamar shi ya raine shi. Ya yi zaton tuba ta wanke masa ƙirji, sai ya ji abin nan yana nan inda yake, yana ci.

A motar komawa gida Koci Haladu bai yi zancen komai ba sai yadda Fa'izu ya hau tudun nan, da abin da zai yi da a ce a kan baƙin keken yake. Kamaluddeen yana kujerar baya, ya riƙe keken tsakanin gwiwoyinsa don kada gargada ta karce shi, yana amsawa da haka ne har suka shigo Birnin Kudu.