Kantar Sama

Sirajo ya tarar ana loda kwalaye a keke-napep a ƙofar gidan maƙwabcinsa, Malam Abdussamadu.

Malam ya yi shekaru yana jera littattafai a wani ɗakin karatu a Birnin Kebbi. Da ya yi ritaya ya dawo Zauro da nasa, ya kafa kantoci a zaure, kowace da 'yar takarda manne: hasashen yanayi, hasashen ambaliya, hasashen amfanin gona. Bai taɓa gaya wa kowa abin da gulbi zai yi ba. Amma duk damina sai an leƙa zauren. In ya kwashe kantar ƙasa, ruwa zai shigo gari. Shekarar da ya kwashe biyu, da kwalekwale aka je masallaci.

Bana ya kwashe duka.

Kafin azahar masu lauje sun nufi fadama. Shinkafar Sirajo kuwa ba ta cika ido ba. In ya yanke, ƙaiƙayi zai kai gida. In ya bari, ta gulbi ce.

Sirajo ya yi sallama ya durƙusa gaban Malam.

"Baba, mi ka gani?"

"Littattafai na ba makaranta. Laihi na?"

"Har na sama? Ko shekarar babban ruwa ba ka taɓa su ba."

"In babu mai dubawa, gara ce za ta cinye su."

"Ina za ka?"

Malam ya yi murmushi. "Kai dai shinkahwarka ta kawo ka. Bar ta ta nuna."

"Atiku, maƙwabcin gonata, har ya hwara yanka."

"Atiku ko tuwo bai bari shi huce."

Da Sirajo zai fita ya hangi farin yadi a ninke a kantar sama. Ya ɗauka rawani ne.

Ya bar shinkafar. Kullum da safe yana bakin gulbi. Ruwa ya hau, ya taɓa gindin kuka, ya tsaya, ya koma. Waɗanda suka yanke ɗanya suka daina gaida Malam. Tsufa ne, in ji su.

Ranar da Sirajo ya sa lauje, Baiwa, matar Malam, ta zo har bakin gona da ƙafarta.

"Taho ka sauko min da wani abu. Hannuna bai kai."

"Baba hwa?"

"Ya ce kai za ka sauko da shi."

A zaure Malam na kwance kan tabarma, an rufe shi har fuska. Sirajo ya yi salati, ya taka kujera. Yadin a yanke yake tsaf, ga sabulu da turare a gefe. 'Yar takardar kantar na nan manne, kusurwarta ta ɗago.

Ya miƙa hannu zai ɗauko likkafanin, sai ya ga lakar fadama a yatsunsa. Ya sauko, ya ɗauki buta.