Shirun Da Ke Farkon Faifai

Ko da furfura ta fara cin gemunsa, a gidansu Auta ake ce masa, a shagonsa na kafinta kuma Maigida. Mutum ne marar yawan magana. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa. Abin da ya ɗauke masa hankali tun yana saurayi shi ne faifan garmaho, baƙaƙen nan masu faɗi da ake ɗora wa allura. Su ma ba kowane iri ba. Shi dai a ba shi kiɗan nan da babu waƙa a cikinsa, wanda masu shi ke kira fos-rok: jita da ganga da fiyano su faro a hankali kamar hadari daga nesa, su yi ta haɗuwa, su yi ta haɗuwa, sai can su kece gaba ɗaya, ba tare da wani ya buɗe baki ya ce uffan ba. Da hannunsa ya ƙera musu kanta a ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, kowane faifai a tsaye cikin rigarsa. Yaran gidan kuwa sun san taɓa su da hannun maiƙo tsokano tsuliyar dodo ne.

Akwai wani mai farar riga da ya fi so, wanda bai daɗe sosai da samu ba. Abin da ya burge shi, makaɗan sun bar farkonsa shiru. In an ɗora allura ba abin da ake ji sai ɗan ƙas-ƙas, har mutum ya zaci na'urar ce ta lalace, sannan ganga ta shigo daga ƙasa. A wannan shirun Auta yakan rufe ido, ya ce a ransa lallai mutanen nan sun san hannunsu.

Wata ranar Asabar da hantsi yayarsa ta zo gaishe su. Ita ta goye shi, saboda haka ba ta raga masa. Ta leƙa ɗakin, ta bi kantar da kallo daga sama har ƙasa.

"Auta, yanzu duk tarkacen nan babu mai waƙa ko ɗaya? To me kake saurare? Kiɗa ba waƙa ai miya ce ba gishiri."

"Zauna, Yaya. Yau sai kin janye maganarki."

Ya zaro mai farar rigar, ya riƙe shi ta gefe-gefe, ya goge shi da ɗan buroshi, ya ɗora allura. "Farkonsa shiru ne," ya ce. "Ki ɗan yi haƙuri, shirun ma cikin kiɗan yake."

Bai rufe baki ba Yaya ta yamutsa fuska, ta cusa yatsa a kunne. "Kai, rage! Wannan abu har cikin haƙorina."

Auta ya yi dariya. "Ai ba a fara ba."

"Ba a fara ba? Wannan siririn abin mai kama da kukan gyare fa?"

Ya ɗauka tsokana ce irin tata. Ya ɗaga murya ya kira matarsa. "Maman yara, zo ki raba mu." Ta shigo tana goge hannu da zani. Ya nuna mata lasifika. "Don Allah me kike ji?"

"Wannan ai shi ne wurin mai daɗin," ta ce. "Wanda ke hawa yana sauka."

Sai ta fara bin sa da hanci. Kiɗa ne cikakke, mai kai da gindi, mai ɗan ban tausayi, wanda Auta bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Ba ƙirƙira take yi ba, don kanta a karkace yake wajen lasifikar, kamar mai bin sawun wani. Ta kai ƙarshe, ta ja numfashi, kuma daidai nan gangar ta shigo.

"Kullum ta bango nake jin sa in ina wanke-wanke," ta ce. "Na ɗauka saboda shi kake son faifan."

Auta ya ɗage allurar, ya kai faifan bakin taga, ya karkata shi ga haske. Layukan farkon ba sumul suke ba, a cike suke da ƙananan zane. Ashe akwai kiɗa a wurin. Ya durƙusa a gindin kantar, ya lalubo wani tsohon faifai da ya saya tun kafin ya yi aure, wanda ke ƙarewa da ƙananan ƙararrawa. Waɗannan ya san su kamar yunwar cikinsa. Ya ɗora allurar kusa da ƙarshe. Jitocin suka yi ƙasa, suka mutu. Ya jira. Ya ƙara jira. Da ya waiwaya sai ya ga Yaya tana gyaɗa kai a hankali, tana bin wani abu da shi bai san da zamansa ba.

"Suna bugawa?" ya tambaya.

Matan suka kalli juna. Matarsa ta zauna a hannun kujera.

"Baban yara, butar shayi takan yi ta kukan tafasa a kan wuta kana tsaye kusa da ita, ko waiwayawa ba ka yi. Ƙararrawar ƙofa ma haka. In na kira ka daga baya ba ka juyowa. Wallahi na ɗauka miskilancinka ne ya ƙaru."

Nan take ƙaramar 'yarsa ta faɗo masa a rai, mai siririyar murya, wadda kullum yake yi wa faɗa wai tana magana ciki-ciki kamar marar gaskiya. Har kuka ya taɓa sa ta. Ya dafe kai da hannu biyu. Yaya, wadda ba a taɓa jin ta rasa abin faɗa ba, salati kawai take yi ƙasa-ƙasa.

A asibiti likitar kunne ta saka shi a wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi, ta ɗora masa abin saurare a kai, ta ba shi maɓalli ta ce ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Da farko ya yi ta dannawa har ya fara samun natsuwa. Daga baya sai ya zauna shiru, yana ganin hannunta ta gilashi yana murɗa wani abu, tana ɗago kai tana kallonsa, tana rubutu.

"Malam, wace sana'a kake yi?"

"Kafinta ne."

"Da injin yanka katako?"

"Tun ina saurayi."

"Kana toshe kunne?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce sauti mai kauri yana jin sa, amma siraran sun tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Akwai na'urar da za ta taimaka masa, sauran aikin shi ne ya tsare abin da ya rage.

Washegari ya isa shago da kwali a hammata. Injin yana ta kururuwa, Dogo, babban ma'aikacinsa, yana tura masa katako, dusa na tashi. Auta ya tsaya yana kallon bakin zarton kamar yau ya fara ganin sa. Ya wuce ya kashe wutar shagon gaba ɗaya. Duk suka juyo. Ya zazzage kwalin a kan teburin aiki, abin rufe kunne ne masu kama da kofuna.

"Maigida, jirgin sama za mu tuƙa?" in ji Dogo. Aka kwashe da dariya.

Auta bai yi dariya ba. Ya ciro wayarsa, inda likitar ta nuna masa yadda ake kunna wani siririn sauti na gwaji. "Ku tsaya nan. Duk wanda ya ji wani abu ya ɗaga hannu."

Ya danna. Shi bai ji komai ba, fuskokinsu kawai yake kallo. Mai fenti ya ɗaga hannu nan da nan. Mai haɗa kujeru ya bi. Dogo ya karkata kai, ya ɗan jima, sannan ya ɗaga nasa rabi-rabi. Saura mutum ɗaya: ɗan Yaya, wanda ta damƙa masa amana tun da ya gama makaranta, wanda ko shekara talatin bai kai ba, ga jaririya a gida. Yana tsaye da fensir a bayan kunne, yana kallon hannuwan abokansa yana murmushi.

"Kawu, to ka kunna mana."

Dariyar da ta rage a shagon ta ɗauke. Auta ya dafa teburin. Ranar ba a sake tayar da injin ba. Ya miƙa wa Dogo makullin shago, ya ce wa ɗan yayarsa ya kakkaɓe rigarsa ya shiga mota. Har suka kai ƙofar asibiti saurayin yana tambayar laifin da ya yi, Auta kuwa idonsa na kan titi, yana neman bakin da zai gaya wa Yaya.