Ranar da Dabo Ya Wasa Kamal

Tun da Dabo ya bugo waya ya ce, "Mutumina, ka zo wasanmu ran Lahadi, akwai abin da na tanadar maka," Kamal bai ƙara zama lafiya ba. Da ya dawo daga aiki sai ya shige gareji, ya sauko da gurminsa daga saman kabad, ya ɗaura sababbin tsirkiyoyi, ya dinga kaɗawa har yatsunsa suka yi kanta. Shi dai ya gama yanke wa kansa hukunci: Dabo zai kira shi kan dandamali, ya mayar masa da gurbinsa.

Gurbin kuwa nasa ne tun asali. Shi da Dabo suka kafa ƙungiyar suna ɗalibai a College Park, kusa da Washington ta Amurka, a wani ɗan ɗaki mai warin soyayyar albasa, suka raɗa mata suna Kwalta. Dabo na waƙa, Kamal na gurmi. Sai Kamal ya samu aiki a kamfanin gina hanyoyi, ga aure, ga gida a Upper Marlboro. Kamal ya rataye gurmi, har ya ce wa Dabo da bakinsa kiɗa ba sana'ar da mutum zai faɗa a gaban surukai ba ce. Dabo ya nemo mai ganga da mai jitar bes, daga baya ya samo wani yaron Jos mai karatun aikin jinya, Longji, ya ba shi wurin Kamal.

Yanzu ga Kwalta ta fara tashe. Ba wani babban suna ba tukuna, amma ƙananan kulob-kulob na Washington sun fara nemansu, bidiyonsu na yawo a wayoyin mutane. Kamal kan kalla a ofis, ya rage sauti, ya maimaita ya sake maimaitawa, amma ko da wasa bai taɓa danna alamar so ba. In ka tambaye shi sai ya ce nazarin kiɗan yake yi. Ƙarya yake, ƙyashi ne ke cin sa.

Ran Lahadi ya fito cikin farar shadda mai aiki a wuya, da hula zanna, yana ta ƙamshi. Matarsa Tayyiba ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Abban Afnan, ɗaurin aure za ka ne ban sani ba?"

"Mai hawa dandamali ai dole ya fito fes."

"Shi Dabon ya ce maka za ka hau?"

"Bai faɗa ba. Amma ni na san Dabo."

"To, Allah ya tsare," ta ce, ta koma kan tukunyarta.

Wasan yamma ne, a wani kulob da ke ƙarƙashin gidan abincin Habashawa. Kamal ya bar gurmin a mota don kada a ce ya zo da zalama. In an kira shi ai ɗan taƙi ne, ya je ya ɗauko. Aka buga masa hatimi a bayan hannu, ya gangara matakala, hularsa ta gogi bututun ruwa. Ciki ɗaki ne da bai fi falonsa girma ba sosai, bango baƙi, ƙasa na maƙe takalmi. Kowa cikin jins da tsohuwar riga, shi kaɗai fari sol a tsakiyarsu. Ya sayi lemon citta ya raɓe jikin wani ginshiƙi.

Wasu samari uku suka fara buɗe fage. Mawaƙinsu ya runtse ido yana nishi kamar mai ciwon haƙori, mutane kuwa sai gyaɗa kai suke. Wannan ya yi wa Kamal daɗi. In dai irin wannan ake tafa wa a garin nan, to ashe tashen Kwalta ba wani abu ba ne.

Yana cikin wannan lissafi sai wani siririn saurayi ya ratso mutane, ya ɗan rusuna a gabansa.

"Ina wuni, Yaya Kamal. Ni ne Longji."

"Lafiya. Ya karatu?"

"Mun gode Allah. Daga aikin asibiti na taho ma. Yaya, tsofaffin kiɗe-kiɗenka da Oga Dabo ya ajiye, da su na koyi komai. Kullum a kunnena suke."

Kamal ya so a ce yaron mai girman kai ne, ko mai rawar kai, ya samu abin riƙewa. Sai ga shi da ladabi har da rusunawa. Ya ce masa, "Madalla, a dage."

Da Kwalta ta hau, ɗakin ya sauya. Dabo ya fito da wata koɗaɗɗiyar riga, ya kama makirfo da hannu biyu, muryar nan tasa mai ɗan gargada tana nan yadda take. Amma ba shi Kamal ke kallo ba. Hannun Longji yake kallo. Yaron ya ɗauki kiɗan da Kamal ya ƙirƙira a ɗakin College Park, ya ɗora shi a jitar lantarki, ya bi shi tiryan-tiryan, sannan a daidai inda Kamal kan tsaya ya ja numfashi, shi sai ya zarce, ya murɗa shi ya haura da shi wani wuri da Kamal bai taɓa sanin akwai hanya ba. Wata Baturiya a gabansa ta dafe ƙirji. Kamal ya kasa kunne yana neman kuskure, ko guda ɗaya, ya rasa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ƙafarsa da ta ci amanarsa, tana ta bin ganga ba da izininsa ba.

Ya lallashi kansa. Jita ai jita ce, kowa na da ita a ƙasar nan. Bari su ji gurmi na gaske, su san wanda ya haifi abin.

Can wajen tsakiyar wasa Dabo ya ɗaga hannu, kiɗa ya lafa. Ya yi wa mutane bayani da Turanci cewa akwai babban baƙo a ɗakin nan, kuma yau zai nuna musu yadda ake karrama mutum a ƙasarsu. Kamal ya ajiye lemonsa, ya laluba makullin mota a aljihu. Dabo ya juya ga Longji ya yi masa inkiya, ganga ta ɗauka da sauri, ya buɗe murya.

"Kamal na Tayyiba, uban Afnan! Injiniya mai shimfiɗa hanya, talaka ya bi, mai mota ya bi! Farin mutum mai farar shadda! Mai gida a Upper Marlboro, hannunka ba ya rufuwa!"

Sai a lokacin Kamal ya gane. Wannan ba kiran abokin kiɗa ba ne. Wasa shi ake yi, irin yadda mawaƙi ke wasa attajiri a wurin biki. Turawan ɗakin ba su san bambancin ba, sai tafi suke suna waige-waige. Amma akwai wasu 'yan gida a gefen dandamali, ma'aikatan jinya daga Landover da suka zo wa Longji kara, su kam sun sani. Ɗaya ta rangaɗa guɗa. Wata ta nuna shi tana ihu, "Ga shi can! Alhaji, a fito, a fito!"

Wanda aka wasa a bainar jama'a ba ya zama. Ko a Kano ne ko a ƙarƙashin gidan abinci a Washington, dole ya tashi ya yi liƙi, in ba haka ba ya kunyata mawaƙin, ya kunyata kansa. Kamal ya saki makullin, ya zaro walat.

Mutane suka dare masa hanya, wayoyi suka ɗago. Ya hau dandamalin da ya kwana yana mafarkinsa duk makon nan, fitila ta haske shaddarsa. Ya dubi idon Dabo yana neman mugunta a ciki, ko ramuwa, wani abu dai da zai ba shi damar yin fushi. Babu. Dabo murna yake tsakaninsa da Allah, gumi na zuba, yana ganin ya yi wa tsohon amininsa babbar gata. Shi a wurinsa Kamal ya daɗe da zama abin da ya ce yana so ya zama.

Kamal ya fara manna masa takardun dala a goshi, suna zamewa suna faɗuwa kan wayoyin lantarki. Ɗakin ya kaure da sowa. Dabo ya matso da bakinsa kusa da kunnensa.

"Ya ka gani, mutumina? Na fitar da kai kunya ko?"

"Ka kyauta," in ji Kamal.

Saura makaɗa, don mai liƙi ba ya tsallake su. Ya yi wa mai ganga, ya yi wa mai bes. Ya zo gaban Longji. Yaron bai daina kaɗawa ba, kiɗan Kamal ne dai a ƙarƙashin yatsunsa, kusa har da zai iya miƙa hannu ya danne tsirkiyar. Kishi ya taso masa har idonsa ya kawo ruwa, jama'a kuwa suka ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa, suka ƙara tafi. Ya ɗaga hannu ya manna takardar a goshin yaron.

Longji ya sunkuyar da kai. "Na gode, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi."

Wata ma'aikaciyar kulob ɗin ta miƙo masa hannu don ya sauka a hankali, kada shaddar ta harɗe shi. Ya kama hannun. Kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa, Kwalta ta shiga waƙa ta gaba, wadda Kamal bai taɓa ji ba, duk ɗakin kuwa ya iya amshinta.