Ranar Da Kaltume Ta Tsallake Mijinta

Kaltume tana 'yar ƙarama, ko zane ba ta iya ɗaurawa ba, aka fito da uwarta tsakar gida a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu, aka ce ta tsallake ɗan maƙwabta. Yaron yana kwance da zazzaɓi, kuma cikin sambatu ya ambaci sunan uwar. A wajen mutanen nan magana ta ƙare ke nan. Duk wadda mara lafiya ya kira, ita ce mayyar da ta kama masa kurwa, ba zai tashi ba sai ta tsallake shi ta sake shi. Uwar ta yi rantsuwa har muryarta ta dushe, daga ƙarshe ta ɗaga ƙafa ta tsallake. Yaron ya warke. Da mutuwa ya yi, da sai a ce ta cinye shi. Tun da ya tashi, sai aka ce to ga shi nan an gani. A makon suka bar garin, yara na binsu da jifa.

Kaltume ta girma da abin a wuyanta, don an ce maita a nono ake sha. Ishiyaku ne kaɗai ya yi kunnen uwar shegu da wannan magana. Manomi ne, ba shi da yawan surutu, amma in ya kafe a kan abu sai dai a gaji a ƙyale shi. Ya aure ta, danginsa suka juya masa baya.

Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, rediyo ba ta da zance sai sabuwar jiha, sabuwar rayuwa. Ishiyaku ya ɗauki maganar da gaske. Ya nemi izinin dagaci, aka nuna masa daji can bayan Dingaya a ƙasar Gwaram, inda ba wanda ya san su. Shi sara, ita ƙona kututture. Suka kafa bukkar kara, suka sha fama da macizai da nisan ruwa. 'Ya'yan da ta haifa a shekarun farko duk ba su yi rai ba, shi da hannunsa ya binne su a gindin tsamiya. Duk da haka Kaltume takan ce ba ta taɓa barci mai daɗi irin na wannan daji ba.

Da gero ya yi kyau, mutane suka fara zuwa. Bukka ta zama gida, gida ya zama gari, ana ce masa Gidan Ishiyaku. Ita kuma ta zama Inna Kaltume, mai ba da aron turmi, mai wanke jarirai. Amma duk ranar da ta ji ɗan wani ya kwanta da zazzaɓi, sai ta kasa cin abinci har sai yaron ya tashi.

Sai ga Sabo, ƙanen Ishiyaku, gona ta yi masa kaɗan a gida. Ishiyaku ya manta da komai ya yanka masa fili. Matar Sabo kuwa bakinta ba linzami. Kafin kaka ta zagayo, kowace mace a garin ta san labarin uwar Kaltume, har da ƙari. Aka daina kiranta wankan jariri. Matan da ta yi wa ɗawainiya suka riƙa jawo goyonsu gaba in sun hango ta a rijiya. Har kaburburan gindin tsamiya aka tuna da su, ana tambayar wai me ya ci yaran. Yara kuma in ta wuce sai su ce kurwata kur, su ruga. Ishiyaku ya ce ta share su, garin nan su suka kafa shi, ba mai tayar da su.

Haka aka yi shekaru, abin yana ci kamar wutar ƙaiƙayi. Wata damina, furfura ta riga ta cika masa gemu, zazzaɓi ya kayar da Ishiyaku. Rafi ya cika ya tumbatsa, ba ɗan acaɓar da zai yarda ya kai shi asibitin Birnin Kudu. Mai kyamis ya zo ya yi masa allurai ya tafi. Jiki ya yi zafi rau, ya fara sambatu, kuma ba abin da yake faɗi sai Kaltume, Kaltume. To wa zai kira, fisabilillahi? Mutumin da bai da kowa a duniya sai ita? Amma matar Sabo tana bakin ƙofa tana ji.

Bayan azahar Sabo ya shigo da dattawa, mata suka cika tsakar gida. Aka fito da Ishiyaku a tabarma. Ba wanda ya ɗaga murya, wannan ne ma ya fi tsorata ta.

"Yaya Kaltume," in ji Sabo, "ba faɗa muka zo ba. Ki tsallake shi kawai."

"Sabo, mijina ne."

"Shi ya sa. Ki ji tausayinsa."

Ta san abin da ke gaba sarai, ta gani da idonta tun tana yarinya. In ta ƙi ya mutu, ta cinye shi. In ta tsallake ya tashi, ta tabbata mayya har ta koma ga Allah. Ta ce ba za ta yi ba. Sai ta dubi Ishiyaku, leɓɓansa sun tsage, numfashi na fita da ƙyar. Ita dai ba ta taɓa yarda da zancen nan ba, amma ai yaron can ya warke. In akwai wani abu a jikinta da ba ta sani ba fa? Tsoro ya kama ta, irin wanda bai taɓa kama ta ba. Ta tattare zanenta, ta yi bisimilla, ta tsallake shi.

Washegari zazzaɓin ya sauka. Ko allurar ce, ko kwanansa ne da saura, ba wanda ya tsaya tambaya. Kaltume ta yi murna har da kuka, alhali ta san abin da tashinsa ya jawo mata. Tuni aka fara cewa in an yi girbi sai ta bar garin. Wannan bai dame ta ba. Akwai sauran daji wajen Kwandiko, kuma ko sun tsufa, su biyu sun san yadda ake sare shi.

Da Ishiyaku ya iya zama, Sabo ya shiga ɗakin ya daɗe yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Bayan ya fita Kaltume ta dama kunun tsamiya, ta fifita shi sosai don kada ya ƙona masa baki, ta kai masa ta durƙusa. Ishiyaku ya dubi ƙwaryar, ya dubi hannun da ke riƙe da ita. Bai dubi fuskarta ba.

"Ajiye a can," ya ce a hankali. "Sai ya huce."