Gogen Ishbel Ya Yi Sanyi

A tsibirinmu, in aka yi biki babu Ishbel da gogenta a kan dandamali, to ba biki aka yi ba, abinci kawai aka ci aka watse. Yayata ce. Ni nake buga mata ganga, Lachlan mai tumaki yana jan akodiyon, akwatin kiɗan nan da ake ja ana matsewa. Ƙa'idarta ɗaya ce, makaɗi ƙafar masu rawa yake kallo, ba hannunsa ba. Kuma ka zage ta yadda kake so, amma kada ka kuskura ka ce kiɗanta ya yi sanyi. Ta taɓa shekara ba ta gaisa da wani ba a kan wannan maganar.

Ranar auren jikar Torquil, ɗakin taron ƙauye ya cika maƙil tun da rana. Torquil shi ne gwanin rawar tsibirin nan tun muna yara, sai bara shanyewar ɓarin jiki ta bar shi yana jan ƙafar hagu. Matarsa Morag ta zo ta raɗa wa Ishbel cewa ya rantse sai ya shiga rawar layi da amarya. In ya kasa, ko ya ga ana tausaya masa, to shi da rawa har abada.

Rawar layi kuwa ba ta san tsoho ba. Maza layi, mata layi, kowane biyu sai sun ratsa tsakiya suna saƙala hannu da kowa suna juyi har ƙarshe, samarinmu kuma da wuta suke son ta. Torquil ya gyara kilt ɗinsa, zanen gargajiyar da mazanmu ke ɗaurawa a ƙugu, ya ja amarya suka tsaya can ƙasan layi.

Muka tashi da zafi kamar kullum. Biyun farko na wucewa Ishbel ta karkato.

"Sassauta."

"Haba Yaya, samarin nan ɗanye za su cinye mu."

"Su ci, ba ka da wani nama. Sassauta a hankali. In wani ya gane, a kanka zan fasa gangar nan."

Duk biyun da suka ratsa, sai mu rage kaɗan, kaɗan ɗin da kunne ba ya kamawa. Inda gurbi ya buɗe sai ta cike shi da kwalliyar goge, Lachlan ya ƙara nauyi a ƙasa, samari na ta ihu a zatonsu kiɗan ne ya ƙara daɗi. Ban taɓa jiƙewa da gumi irin na ranar ba. Gudu ai kowa ya iya shi.

Da layi ya zo kan Torquil, idon Ishbel na kan ƙafarsa ta hagu. Duk inda ƙafar ta sauka, nan take ajiye bugun, mu kuma muna binta. Ya juya amarya, ya juya matan layi ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe a tsaye, ya kwarma ihun nan nasa da muka daɗe ba mu ji ba. Ni dai hawaye ya hana ni ganin gangata sosai.

Ana cikin tafa musu ya taho bakin dandamali yana haki.

"Ishbel, tsufa ya cim miki! Wannan kiɗa kamar ana raka gawa? Dole na riƙa jan ƙafa don kada in bar ki a baya."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya. Ta take mini ƙafa da ƙarfi.

"Gaskiyarka, Torquil," in ji ta. "Hannun ne ya fara ƙi. Ka yi haƙuri da ni."

"Ba komai, haka girma yake. Ki dage dai kafin rawar sabuwar shekara, don ina ciki."

Morag na bayansa tana share ido da gefen mayafinta. Ishbel ta ɗaga gogenta ta ce a tashi rawa ta gaba.