Ɗakin Uwar Sauro

Uwar Sauro ake ce mata a jami'ar, har sababbin ɗalibai ba su san tana da wani suna ba. Tun shugaban sashe yana ɗalibi mai wando ɗaya take kiwon sauro a wani ɗaki can ƙarshen baranda, ɗaki mai zafi da laima kamar bayan an sauke tukunya. Yanzu ga shi ya zama shugaba, ga kuma hukuma ta fito da doka: duk malamin da masana ba sa yawan ambaton aikinsa a rubuce-rubucensu, a karɓe ɗakin bincikensa a ba wani. An auna kowa, Uwar Sauro ta zo can ƙasa. Sa hannunsa kawai ake jira a rufe ɗakin.

Abin ya tsaya masa a wuya, don ita ta koya masa bambance macen sauro da namiji. Amma bawan Allah ne mai tsoron na sama da shi, ko a waya suka kira sai ya miƙe tsaye. Sai ya nufi laburare wajen mai haɗa alƙaluman, wata mace mai tabarau da ba ta son doguwar gaisuwa, ko ta ba shi hujjar da zai sa hannu ba tare da jin kunya ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da hukuma ta gani kake so, ko abin da ke akwai?"

"Au, da bambanci?"

"Ja kujera."

Ta buɗe wani zane a kwamfuta. Ta ce kowane ɗigo mai bincike ne, kowane zare kuma yana haɗa mutum biyu da suka yi aiki tare. Ɗigon Uwar Sauro bai fi kan allura ba.

"Ita ba ta cika rubutu ba, ƙwan sauro take aikawa," in ji mai tabarau. "Duk wanda ya roƙa sai ta naɗe masa a takarda, ta koya masa renonsu. In aikin ya fito, cewa take a sa sunanta a ƙarshe, wai yara su ne da buƙata. Hukuma kuwa sunan farko kaɗai ta ƙirga."

Ta danna wani wuri. Zaruruwa suka fara fita daga kan allurar nan, suka haye teku, suka sauka kan masu gwada gidan sauro mai magani, daga can suka miƙa ga masu neman rigakafi, daga su kuma ga ɗalibansu da ɗaliban ɗalibansu. Allon ya cika har ba wurin sa yatsa. Shugaban sashe ya cire hularsa bai sani ba. Manyan sunayen da yake jin tsoron gaisarwa a wajen taro, ga su nan rataye a jikin tsohuwar da ke zuwa aiki da silifas.

"Yanzu bari in cire ta ka gani."

Tana share ɗigon, zanen ya yage. Abin da yake a dunƙule ya watse gida-gida, wannan rukuni bai san wancan ba. Can gefe ya hango nasa ɗigon, shi kaɗai, ba zare ko ɗaya da ya kai shi ga kowa. Ya daɗe yana wuce ƙofar ɗakin nan yana toshe hanci, ashe gindin bishiya yake wucewa.

"Mayar da ita," ya ce. "Don Allah mayar da ita."

Bai bi ta ofis ba. Kai tsaye ya wuce ƙarshen baranda, ya tura ƙofa. Uwar Sauro na zaune kan kujera, ta zura hannunta har gwiwa cikin wani akwatin raga, sauro sun yi baƙi a kan fatar. Gumi na bin wuyanta. Irin wannan sauron ba sa karɓar jini sai daga jikin mutum, haka ta ciyar da kakanninsu.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ɗan nan, ka zo karɓar makulli ne?"

"A'a, Mama. Ba zan sa hannu ba, ko da kujerar za su karɓe. Mama, kin kuwa san iya inda sauron nan naki suka kai?"

"Ina zan sani? Rufe ƙofar, sanyi na shigo musu."

Ya rufe. Ta nuna masa akwati na biyu da haɓa.

"Tunda ka zo, waɗancan ba su ci komai ba tun safe, ni kuma jinin ya fara yi mini kaɗan."

Shugaban sashe ya ajiye hularsa kan tebur, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa.